Fuskar Aro: Yadda Masu Zane Suka Nuna Waliyyan Kirista

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu leƙa wani sashe na tarihin zane-zane, mu ga yadda masu zane a ƙasashen Kirista suka riƙa nuna waliyyansu a bangon majami'u da kan allunan katako. Maganar hoto a rediyo aiki ne ja, na sani. Ku dai ara mini kunnuwanku, sauran aikin nawa ne.

Musulunci yana da hukuncinsa a kan suranta annabawa da bayin Allah, kuma ba wannan ne zancenmu na yau ba. Tarihi muka zo yi. Su kansu Kiristoci bakinsu bai zo ɗaya ba a kan hotuna. Wanda ya shiga majami'ar ECWA ko ta Baptis a Jos ko Kaduna, da wuya ya ga hoton wani waliyyi a bango. Wanda ya shiga ta Katolika kuwa zai gansu birjik. Wannan saɓani tsoho ne ƙwarai, za mu zo kansa.

Matsalar da mai zane ya fara cin karo da ita ita ce, bai taɓa ganin wanda aka ce ya zana ba. Ɗauki Bitrus, babban almajirin Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi. Linjila ta ce masunci ne, ta ba da labarin zafin zuciyarsa da nadamarsa, amma ba ta ce dogo ne ko gajere ba, ba ta ce yana da gemu ko ba shi da shi ba. Bulus, mai wasiƙun nan na cikin Littafi Mai Tsarki, ya ɗan fi shi sa'a, don wani littafi na ƙarni na 2, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ya siffanta shi da gajeren mutum mai sanƙo. Sai a ƙarni na 4 kamannin mutanen nan biyu suka daidaita a hannun masu zanen birnin Rum: Bitrus da furfura da gajeren gemu mai cika, Bulus da sanƙo da dogon gemu mai tsini. Wato shekara kusan ɗari uku bayan rasuwarsu aka yanka musu fuska, kuma ita suke ɗauke da ita har yau.

To waliyyai ba biyu ba ne, dubbai ne, gemu da sanƙo ba za su ishe su ba. Sai aka ɓullo da dabara: kowane waliyyi a ba shi alamarsa a hannu. Kamar dai yadda a da dattijo zai dubi zanen fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, tun kafin baƙon ya buɗe baki, haka manomin Italiya ko na Jamus da bai san ko harafi ɗaya ba zai ɗaga kai ya dubi bango ya kira sunan kowa.

Mai riƙe da mabuɗai, Bitrus ne, saboda alkawarin da Linjila ta ce an yi masa na mabuɗan mulkin sama. Mai takobi da littafi, Bulus ne: littafin na wasiƙunsa ne, takobin kuma shi aka ce an fille masa kai da shi a Rum. Mai sanye da rigar gashin raƙumi, ga ɗan rago kusa da shi, Yahaya Mai Baftisma ne. Duk wanda kuka ga yana riƙe da reshen dabino, shahidi ne, an kashe shi saboda addininsa. Daga nan kuma sai abin ya ɗauki wani salo mai ban tsoro. Istifanus, wanda aka jefe, ana zana shi da duwatsu, wani lokaci ma dutsen na zaune a bisa kansa. Lawrence, wanda aka kashe a Rum a shekarar 258, yana jingine da ragar gashi ta ƙarfe, don labari ya ce a kanta aka gasa shi. Katarina ta Iskandariyya tana tsaye kusa da wata ƙatuwar ƙafar keken doki mai ƙusoshi, wadda aka so a yayyaga ta da ita. Lusiya tana tallabe da faranti, a kan farantin ga idanu biyu, alhali nata idanun suna nan a fuskarta tana kallonka da su. Abin da ya fi ɗaure mini kai a irin waɗannan hotuna shi ne natsuwar fuskokin. Ba kuka, ba ɗaure fuska. Mutum na riƙe da abin da aka kashe shi da shi kamar an ba shi lambar yabo, kuma wannan ne ainihin saƙon: a wurin masu zanen, wanda aka kashe shi ne ya yi nasara.

Ina suka samo labaran? Mafi yawansu daga wani littafi guda da wani malamin coci mai suna Jacobus de Voragine, wanda daga baya ya zama babban bishop na Genoa, ya tattara wajen shekarun 1260. Ana kiransa Legenda Aurea. Ya bi kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya, kowane waliyyi da ranarsa da labarinsa. Littafin ya bazu a Turai kamar wutar daji, masu wa'azi na ɗiba, masu zane na ɗiba. Bai cika damuwa da tantance wane labari ne ya inganta ba, shi ya sa tarihi da almara suka cakuɗe a bango.

Ga misali mai daɗi. Jerom malami ne da ya zauna a Baitalami, ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rasu a shekarar 420. A hotuna kusan kullum za ka gan shi da abu biyu: zaki a kwance a ƙafarsa, da jar malafa irin ta kadinal. Ita jar malafar nan, sai a 1245 Fafaroma Innocent na Huɗu ya ba kadinaloli izinin sa ta, wato shekara 825 bayan Jerom ya kwanta dama. Zakin kuma, wanda aka ce Jerom ya cire masa ƙaya a dagi har ya zama nasa, masana da dama na ganin labarin wani mai ibada ne daban, Gerasimus, da ya zauna kusa da Kogin Urdun, kamancin suna ya sa aka jingina shi ga Jerom. A 1514 shahararren mai zanen Jamus Albrecht Dürer ya sassaƙa hoton Jerom a kan farantin tagulla don bugawa. Ku ga ɗakin da ya sa shi: rana na shigowa ta tagogin gilashi, ga matasan kai a kan benci, ga takalma an tura ƙarƙashi, ga ƙoƙon kan mutum a bakin taga, ga malafar rataye a bango kusa da agogon yashi, ga wani ƙaton duma na lilo daga rufi. Zakin na gyangyaɗi a gaba, wani ɗan kare na barci a gefensa. Wannan ba Baitalami ba ce. Ɗakin wani mai hali ne a birnin Nuremberg, garin Dürer. Alama ce kawai ta waliyyi. Ɗaki da kaya, sau da yawa har da fuska, duk na aro ne daga maƙwabtan mai zane.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu shiga shagon mai zane a Italiya wajen shekarar 1400, mu ga yadda aikin ke tafiya. Mun san shi dalla-dalla, don wani mai sana'ar, Cennino Cennini, ya rubuta littafin koyarwa ga masu koyo. Da farko a samo katako busasshe, a shafe shi da danƙon da aka dafa daga guntayen fata, a manna ƙyallen lilin, sannan a bi shi da farar ƙasa da aka dama da danƙo, shafi bayan shafi, a kankare har ya yi sumul. Inda za a sa zinariya, sai a fara shafa jan yumɓu. Ita zinariyar, maƙera ne ke dukan tsabar kuɗi har ta zama ganye siriri wanda numfashi kaɗai ke iya ɗaga shi. Cennini har ƙorafi ya yi cewa maƙeran na fitar da ganye 145 daga tsaba ɗaya, alhali bai kamata su wuce 100 ba. Ha'incin 'yan sana'a ba yau aka fara ba. In an manna ganyen, sai a goge shi da haƙorin kare ko wani dutse mai santsi har ya yi ƙyalli, sannan a ɗauki 'yan ƙarafa masu hatimi a daddaɓa ado a da'irar hasken da ke kewaye da kan waliyyi. A cikin majami'a mai duhu, harshen kyandir na rawa, da'irar nan sai ta riƙa walƙiya kamar mai rai.

Launukan kuma da gwaiduwar ƙwai ake dama su. Cennini ya ba da shawara cewa fuskar matasa a yi ta da ƙwan kajin birni, don gwaiduwarsu ta fi haske, fuskar tsofaffi kuma da ƙwan kajin ƙauye. Shuɗin da ake yi wa mayafin Maryamu, daga wani dutse ake niƙa shi wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan na Afganistan. Tsadarsa ta sa masu ba da kwangila ke rubuta a takardar yarjejeniya irin shuɗin da za a sa da farashinsa, kada mai zane ya yi musu algus. Zinariya fa? A 1252 biranen Florence da Genoa suka fara buga tsabar zinariya, kuma masana tarihi na ganin kaso mai tsoka na zinariyar da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a wancan zamani daga Afirka ta Yamma ta fito, daga ma'adinan Bambuk da Bure, ta ƙetare Sahara a kan raƙuma. Ba abin mamaki ba ne a ce hasken da ke kan wani waliyyi a Florence, wani mai haƙa ne a daular Mali ya wanke shi daga yashi.

Wani ɗan ƙarin bayani a kan da'irar nan: ba Kiristoci suka ƙago ta ba, ana yi wa sarakunan Rum da allolinsu, ana kuma yi wa Buddha a Asiya. A birnin Rum na ƙarni na 8 da na 9 har wata ƙa'ida aka yi: wanda yake raye lokacin da aka yi hotonsa, sai a sa masa mai kusurwa huɗu maimakon da'ira.

Yanzu ga rigimar da na yi muku alkawari. Wajen shekarar 600, wani bishop mai suna Serenus a birnin Marseille na Faransa ya ga mutanensa na durƙusa wa hotuna, ransa ya ɓaci, ya sa aka farfasa su. Fafaroma Gregory na Ɗaya ya rubuta masa wasiƙa, ya yaba masa da ya hana bautar hoto, amma ya ce fasawar kuskure ce, don hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. Wannan hujja ita cocin Yamma ta riƙe ɗaruruwan shekaru.

A Gabas abin ya fi ƙamari. Daga wajen 726, sarakunan Rumawan Gabas da ke mulki a Kustantiniya, Istanbul ta yau, suka juya wa hotuna baya, Leo na Uku ya fara, ɗansa Constantine na Biyar ya tsananta. An kankare bango, an ƙona alluna, an azabtar da ruhubanawan da suka ƙi. A 787 Sarauniya Irene ta tara manyan malaman coci a Nicaea, garin Iznik na Turkiyya a yanzu, suka yanke cewa girmamawa daban, bauta daban: bauta ta Allah ce shi kaɗai, girman da aka ba hoto kuma yana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana. A 815 aka sake haramtawa. Sai a 843 wata sarauniyar, Theodora, ta dawo da hotunan ta kashe maganar, kuma cocin Otodoks na bikin wannan rana kowace shekara har gobe.

Abin lura a nan, wanda ya fi kowa kare hotuna da alƙalami, Yuhanna na Dimashƙa, a ƙarƙashin daular Banu Umayya ya rayu, mahaifinsa ma babban ma'aikacin baitulmalin halifa ne. Hannun sarkin Kustantiniya bai iya kaiwa gare shi ba. Haka nan gidan ruhubanawa na Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i a Masar, wanda Sarki Justinian ya gina a ƙarni na 6. Lokacin da ake fasa hotuna a daular Kirista, shi yana ƙarƙashin mulkin Musulmi, umarnin bai shafe shi ba. Shi ya sa a can ne ake samun wasu daga cikin allunan da suka fi tsufa a duniya. Akwai na Bitrus, an yi shi da launi da aka narka cikin kakin zuma: dattijo mai furfura, mabuɗai a hannu ɗaya, sanda mai gicciye a ɗayan, idanunsa kamar zai yi maka magana.

Turai ta Yamma ta ɗanɗana nata rabon bayan ɓallewar Furotesta. A 1524 hukumar birnin Zurich ta kwashe hotuna daga majami'u aka shafe bango da farar ƙasa. A watan Agustan 1566 jama'a suka afka wa babbar majami'ar Antwerp da gatura da guduma. Cocin Katolika, a taronta na Trent a 1563, ta tsaya kan bakanta cewa hotuna na nan daram, amma ta gindaya sharuɗɗa: ban da batsa, ban da abin da bai da tushe, kuma sabon salo sai da amincewar bishop.

A cikin wannan yanayi ne Caravaggio, wani mai zane mai baiwa da rigima, ya samu kwangilar zana Matiyu marubucin Linjila don wata majami'a a Rum a 1602. Ya zana wani ƙaƙƙarfan mutum mai sanƙo, ya harɗe ƙafa, tafin ƙafarsa ba takalmi ya miƙo shi saitin fuskar masu ibada, ga mala'ika ya kama hannunsa yana ja masa alƙalami kamar ɗan koyo. Marubutan tarihinsa sun ce limaman sun ƙi karɓa, wai bai yi kama da waliyyi ba. An daɗe ana yi wa limaman nan dariya, amma ni ina ganin suna da 'yar hujja: Matiyu mai karɓar haraji ne, kuma mai karɓar haraji ko bai iya komai ba ya iya rubutu. Caravaggio ya sake wani, wanda yake nan a majami'ar har yau. Na farkon wani attajiri ya saya, daga baya ya kai Berlin, ya ƙone a 1945 a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Hotonsa na kyamara kawai ya rage, shi ma baƙi da fari.

(Gajeren kiɗa)

Idan fuska ta aro ce, to wane launin fata za a ba waliyyi? Wurare uku sun ba da amsa uku.

Na farko Jamus. Akwai wani waliyyi soja mai suna Maurice. Labarinsa ya ce kwamandan wata runduna ce ta Rumawa da aka ɗebo daga Thebes, yankin Luxor a kudancin Masar, aka kashe shi da mutanensa a ƙarshen ƙarni na 3 a wani wuri da ke Siwizalan ta yau, saboda sun ƙi bin umarnin da ya saɓa wa addininsu. Sarakunan Jamus suka ɗauke shi waliyyin daularsu. Otto na Ɗaya ya gina gidan ibada da sunansa a Magdeburg a 937. Ɗaruruwan shekaru ana nuna shi a matsayin Bature. Kwatsam, wajen 1240, wani masassaƙin dutse a babbar majami'ar Magdeburg ya fito da shi baƙar fata sak: faffaɗan hanci, cikakkun leɓɓa, fuskar ta leƙo daga cikin hular sulke, kallon jarumi mai hankali. Duk wanda ya ga wannan fuska ya san masassaƙin ya zauna da ɗan Afirka ido da ido. A lokacin Sarki Frederick na Biyu ke mulki, wanda ya tashi a Sisili, yake kuma yawo da 'yan Afirka da Musulmi cikin fadawansa da dakarunsa, kuma masana da dama na danganta sauyin da burinsa na nuna cewa mulkinsa ya game jinsuna. Daga nan masu zanen wannan yanki suka bi sahu.

Mafi shahara shi ne zanen Matthias Grünewald na farkon shekarun 1520, wanda ke gidan tarihi na Alte Pinakothek a Munich. Mutum biyu ne a tsaye suna fuskantar juna. A dama Maurice, baƙi, cikin sulken azurfa mai ɗaukar ido, ya ɗaga hannu kamar yana ba da bayani. A hagu wani waliyyin, Erasmus, cikin alkyabbar zinariya ta bishop, yana riƙe da wani sandan naɗi da hanji a nannaɗe a jikinsa, alamar irin kisan da aka ce an yi masa. Fuskar Erasmus ɗin nan kuwa sananniya ce: ta wanda ya biya kuɗin aikin ce, Albrecht na Brandenburg, babban bishop na Mainz da Magdeburg. Shi ne mutumin da cinikin takardun yafe zunubi a ƙasarsa ya tunzura Martin Luther a 1517. Mutum ana zarginsa da son abin duniya, sai ya sa aka zana shi a matsayin waliyyi. Ƙarfin hali sai mai kuɗi.

Na biyu Sudan. Kafin Musulunci ya kafu a can, masarautun Nubiya na Kirista sun yi ƙarnoni a bakin Kogin Nilu. Da za a gina babbar madatsar Aswan, ruwa zai cinye yankin, sai masana daga ƙasashe da dama suka yi rububin ceto abin da za su iya. Tsakanin 1961 da 1964, ayarin ƙasar Folan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski ya tone wani tudun yashi a Faras, sai ga babbar majami'a a binne, bangonta cike da zane, wani a kan wani, don kowane zamani sai a sake yaɓe a zana sabo. Suka ɓamɓaro zanen daga bango, aka raba tsakanin gidan tarihi na Khartum da na Warso, sannan ruwa ya rufe wurin. A cikinsu akwai Hannatu, wadda al'adar Kirista ta ce ita ce mahaifiyar Maryamu, da manyan idanu, ta ɗora yatsa a leɓe. Akwai kuma wani bishop mai suna Petros na ƙarshen ƙarni na 10, baƙi ne wuluk cikin kayan ado, a bayansa ga Waliyyi Bitrus fari, ya dafa masa kafaɗu. Haka tsarin Faras yake: mutanen ƙasa da launinsu na gaskiya, waliyyai da farar fata bisa samfurin da aka gada daga Rumawan Gabas. Kun ga an yi musaya ke nan. Jamusawa sun mai da waliyyinsu baƙi, Nubiyawa sun bar nasu farare. Abin takaici, tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 hukumomin Sudan sun ce an wawashe kayayyaki da yawa daga gidan tarihin na Khartum.

Na uku Habasha, inda Kiristanci ya zama addinin fada tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum. Masu zanen Habasha sun ga aikin baƙi, har wani ɗan Venis, Nicolò Brancaleon, ya zauna a can yana zane daga wajen 1480, amma sun gina salon kansu: manyan idanu, launuka masu ƙarfi, ja da rawaya da kore, kaya da sirdi da laima irin na ƙasarsu. Suna da wata ƙa'ida da ke sauƙaƙa wa mai kallo: mutumin kirki ana nuna idanunsa biyu, mugu kuwa ta gefe ake zana shi, ido ɗaya kawai ake gani. Suna kuma da waliyyansu na gida. Tekle Haymanot, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ana zana shi da fukafukai shida, a tsaye kan ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a ajiye gefe, don labari ya ce tsayuwar ibada ya yi ta shekaru har ƙafar ta guntule. Gebre Menfes Kidus kuma gashi ne ya lulluɓe jikinsa maimakon tufa, zakoki da damisoshi na kwance kewaye da shi. Sai Giyorgis, wanda Turawa ke kira George, a kan farin doki yana soke wani dodon maciji. A ranar 1 ga Maris 1896 dakarun Sarki Menelik na Biyu suka murƙushe sojojin Italiya a Adwa. A zane-zanen wannan yaƙi za ka ga Giyorgis a sama bisa dokinsa yana taya Habashawa, su ana ganin idanunsu biyu, Italiyawa kuwa ta gefe. Ku tuna su ma Italiyawan Kiristoci ne, kuma suna girmama wannan waliyyin.

Zuwan kyamara ya sauya lissafi. Josephine Bakhita an haife ta a Darfur wajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana ƙarama, aka yi cinikinta a El Obeid, garin da alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa suka sani sarai a hanyarsu ta zuwa Makka, daga baya ta faɗa hannun wani jami'in jakadancin Italiya a Khartum, ya tafi da ita ƙasarsu. A 1889 kotu a Italiya ta tabbatar da cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Ta shiga ƙungiyar mata masu hidimar coci, ta rasu a garin Schio ranar 8 ga Fabrairun 1947, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyyiya a shekarar 2000. Akwai hotunanta na kyamara, saboda haka mai zane ba shi da ikon sauya mata hanci ko launi, duk wanda ya kuskure za a gane. Duk da haka tsohuwar al'ada ba ta mutu ba, masu zane da yawa na ƙara mata tsinkakkiyar sarƙa a hannu, kuma tun 2015 cocin Katolika ta ware ranar rasuwarta don addu'a da wayar da kai a kan fataucin mutane. Haka abin yake ga Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan ƙasar Ibo da ya rasu a Ingila a 1964, wanda Fafaroman ya ɗaga zuwa matakin da ke gab da waliyyi a wani taro kusa da Onitsha a watan Maris na 1998. Hotunansa da ke rataye a majami'un Katolika na Najeriya, daga na kyamara aka kwaikwayo su.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)